Yajin Hausar Malam Labaran

Duk wanda ya yi karatu a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke gefen garin Talata Mafara ya san Malam Labaran, ko da bai taɓa zama ajinsa ba, domin in ya fara darasi har masu sayar da rake a bakin ƙofa suna ji. Shi ke koyar da Turanci a manyan azuzuwa. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da kwat da taye ko da zafin bazara ya kai inda kaji ke buɗe baki. Ɗalibai na kiransa Ƙamus a bayan idonsa. Da labarin ya kai masa, maimakon ya yi fushi sai ya ce sunan ya yi masa kaɗan. A faɗarsa, ya taɓa zuwa wani taron malamai a Kaduna inda wani Bature ya roƙe shi ya rage gudu don ya samu ya fahimta. Ba wanda ya ga Baturen nan, amma kowa a garin ya ji labarinsa har an gaji.

Ana nan sai shugaban makarantar, Alhaji Dikko, ya tara malamai a ofishinsu ya ce an shirya gasar muhawara da Turanci tsakanin makarantun Mafara da Bakura da Maradun, kuma a Bakura za a yi. Batun da za a yi jayayya a kai shi ne wai noma ya fi kasuwanci. Ya ƙara da cewa kujerar shugaban sashen Turanci ba kowa a kanta, don haka malamin da ya horar da yara suka ɗauko kofi, shi zai hau.

Kafin ya rufe baki Malam Labaran ya miƙe yana gyara taye.

"Ranka ya daɗe, a sa a goge inda za a ajiye kofin kawai."

Malama Lailatu, wadda ke koyar da adabi, ta ce, "Malam, ni dai shawarata a fara fahimtar da yaran batun da Hausa tukuna. In sun gane abin da suke faɗa, sai a juya shi zuwa Turanci. Kuma ka ji an ce sai ranar za a jefa ƙuri'a a ga wa zai kare noma, wa zai soke shi."

"Hausar nan ita ta kashe mu!" in ji Malam Labaran. "Yaro ya sha Hausa a gida, ya sha a hanya, ya zo aji kuma a ɗura masa? Ƙuri'a kuwa, wa zai dubi manoman da ke zaune bakin madatsar ruwan Bakolori ya ce su soki noma?"

Malam Zubairu mai lissafi, wanda ba abin da yake so kamar ya ga an tunzura mutum, ya ce, "To kai ma ai Hausar kake yi yanzu."

Nan fa aka taɓa inda yake ciwo. Malam Labaran ya bugi tebur har alli ya yi tsalle.

"Ku shaida! Daga fitata ɗakin nan har kofi ya shigo hannuna, kalmar Hausa ba za ta ƙara fita bakina ba. Ba a aji ba, ba a gida ba, ba a kasuwa ba. In na yi tuntuɓe ko sau ɗaya, na bar wa Malama Lailatu kujerar da azuzuwan gaba ɗaya."

"Mun shaida," in ji Malam Zubairu da sauri, kafin Malam Labaran ya canza shawara.

Kafin la'asar labari ya gama gari: Ƙamus ya shiga yajin Hausa.

A aji ya zaɓi ɗalibai biyu, Amatullah da Mas'ud, don sun fi kowa kaifin hadda. Ya zauna ya tsara musu jawabin yabon noma da wasu kalmomi masu tsawo kamar layin mai, waɗanda shi kansa sai ya tsaya ya numfasa a tsakiyarsu. In Amatullah ta ɗaga hannu ta tambayi ma'anar kalma, sai ya fassara mata da wata wadda ta fi ta tsawo. Da yaran suka ga ba mafita, suka daina tambaya, suka haddace abin kamar waƙa, har da inda zai ɗaga gira da inda zai buga ƙafa.

A gida ne aka fara ganin abin da ya janyo wa kansa. Matarsa Raliya ta gama sakandare, tana jin Turanci daidai gwargwado, amma da ya shigo ya zuba mata bayanin alwashinsa sai ta yi fuskar wadda ba ta taɓa jin ko "kam" na Turanci ba.

"Malam, lafiya? Wani abu ya maƙale maka a wuya?"

Ya sake maimaitawa a hankali, yana nuna bakinsa.

"Oho, yunwa. To ga tuwo nan." Ta ajiye kwano, ta zauna gefe tana murmushi. "Dama ina son in tambaye ka. Bikin ɗiyar gwaggo da za a yi Birnin Tudu, wanda ka ce ba za ni ba. In har yanzu ba ka yarda ba, ka ce mini a'a kawai, in haƙura."

Malam Labaran ya zaro ido. "No! No, no!"

"Nono? Ai ka yi sa'a." Ta leƙa zaure ta ƙwala kira. "Mai nono! Shigo, yau Malam ke nema!" Ta juyo ta ce, "Tunda ba ka ce a'a ba, Allah ya saka da alheri. Zan gaishe su."

Haka ya zauna yana kurɓar nonon da bai nema ba, yana huci da Turanci, mai nono na tsaye tana tambayar Raliya ko baƙo suka yi daga kudu.

Maƙwabta kuwa suka mai da shi abin wasansu. Buba mahauci ya daina sa masa tsoka, sai ƙashi, yana cewa, "Malam, in bai yi maka ba ka faɗa." Sadi mai facin babur kan jira sai ya wuce ya yi ihu, "Malam, maciji!" don ya ji da wane yare zai firgita. Sau ɗaya ya kusa samunsa. Malam Labaran ya yi tsalle ya buɗe baki zai ce wayyo, sai ya tuna, ya haɗiye rabin kalmar har ya shaƙe, ya ƙarasa da tari.

Amma mutumin yana da dabara. Ya gano cewa Larabci ba Hausa ba ne, kuma da sallama da hamdala kaɗai mutum zai iya ratsa garin Mafara daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ina kwana? Alhamdulillahi. Ina gajiya? Alhamdulillahi. Ya aiki? Alhamdulillahi. Ya riƙa tafe yana rabon hamdala, yana jin kansa gwanin da ba a taɓa yi ba.

Ranar kasuwa sai ga surukinsa, Baba Nagode, mahaifin Raliya, ya iso daga Janbako a bayan motar hatsi, ƙura har gemu. Tsoho ne manomi mai son a gaishe shi yadda ya kamata. Malam Labaran ya durƙusa a gabansa cikin kwat, gumi na tsatstsafo masa.

"Labaran, mun same ku lahiya?"

"Alhamdulillahi."

"Ya iyali? Ya 'yan makaranta?"

"Alhamdulillahi."

"Madalla. Mu dai can sai haƙuri. Jar saniyar nan tawa da kas sani, wadda nika taƙama da ita, ta hwaɗi ta mutu."

"Alhamdulillahi."

Raliya ta saki ludayi. Malam Labaran ya ji abin da bakinsa ya aikata, ya ɗaga hannu biyu a ruɗe.

"Sori! Sori, Baba! Sori!"

"Sauri?" Baba Nagode ya gyara zama. "In yi sauri in tai ina? Ko ruwa ban sha ba kaka korata?"

Malam Labaran ya shiga zuba bayani da Turanci, yana dafa ƙirji, yana nuna sama, yana kwaikwayon ƙahon saniya da yatsu. Tsoho ya ja da baya a kan tabarma, ya dubi 'yarsa.

"Ke Raliya, tun yaushe yaka wanga abu?"

"Haka nan ya dawo mini daga makaranta wata rana, Baba," in ji ta, kanta a ƙasa don kada a ga dariyarta. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara komai ba.

"Shi ke nan," in ji Baba Nagode. "Iska ne. Kuma da jin harshenai, aljanin Nasara ne. Na taɓa ganin irinai ga wani direba."

Bai ɓata lokaci ba. Ya kwance ƙullin da ba ya tafiya sai da shi, ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya zuba saiwoyi da busasshen barkono. Ya leƙa waje ya nemi taimako. Buba da Sadi, waɗanda suka san gaskiyar magana sarai, su suka fara shigowa da gudu, suna nannaɗe hannun riga.

"Allah sarki Malam," in ji Sadi. "Mu ma mun daɗe muna zargin haka."

Aka danne Malam Labaran, aka lulluɓe shi da bargo tare da kasko. Kalma ɗaya ta Hausa za ta cece shi, ya kuma san haka, Buba ma na raɗa masa ta gefen bargo, "Malam, ce ku sake ni kawai." Amma da ya tuna fuskar Malam Zubairu sai ya cije. Ya yi atishawa har taye ya koma bayan wuya.

Baba Nagode ya sunkuya ya daka tsawa. "Kai na ciki! Mi sunanka?"

Daga ƙarƙashin bargo murya ta fito tana kuka tana faɗa, tana sanar da su da Turanci cewa shi fa mai digiri ne. "Garajuwet! Garajuwet!"

"Kun ji," in ji tsoho, yana girgiza kai. "Sunanai Garaje. Taurin kai gare shi. Ba ni barin ɗiyata da shi ita kaɗai. Ina nan har ya hita."

Haka aka yi. Baba Nagode ya shimfiɗa buzunsa a zaure. Kullum da safe Malam Labaran sai ya ratsa ta hayaƙi kafin ya fita, ya isa makaranta idanu jawur, kwat na warin barkono, 'yan layin gaba na atishawa. Malama Lailatu ta tare shi ta ce ko zai bari ta zauna da yaran su gwada ɓangaren sukar noma, ko don tsaro. Ya ɗaga mata hannu kamar mai tsai da mota, ya ba ta amsa doguwa wadda ma'anarta ita ce a'a.

Ranar gasa ta zo daidai da ranar bikin Birnin Tudu. Da yake hanya ɗaya ce, Raliya da mahaifinta suka ce za su tsaya Bakura su ga abin da zai faru. Buba ya rufe teburin nama, Sadi ya bar faci, suka hau babur ɗaya suka bi motar makaranta.

An kafa rumfuna a filin makarantar da ta karɓi baƙi. Ɗalibai sun cika maƙil, iyaye da manyan gari a gaba, alƙalai uku a tebur, shugabansu wani dattijon malamin kwaleji mai farin gilashi. Malam Labaran ya dage sai an ba shi lasifika ya gabatar da yaransa da kansa. Ya karɓa ya yi ta zuba har alƙali ya fara duba agogo, sannan ya koma kujerarsa da ke gefen dandamali, makirfon na hannunsa, ya ƙi mayarwa.

Aka jefa ƙuri'a. Mafara da Maradun za su fara. Maradun za su kare noma. Mafara za su soke shi.

Malam Labaran ya ji kamar an zare masa kujera. Ya juya wajen yaransa ya sanar da su canjin da wasu kalmomi masu nauyin buhun shinkafa. Amatullah da Mas'ud suka gyaɗa kai, kamar yadda suka saba gyaɗawa ga duk abin da ya faɗa.

Ɗan Maradun ya tashi ya yabi noma da ɗan Turancinsa mai sauƙi, ya zauna. Aka kira Amatullah ta rusa abin da ya gina. Ta fito tsaf da farin hijabi, ta gaishe da alƙalai, ta buɗe baki. Kai, ranar an ji Turanci! Ta ɗaga manomi ta kai shi sama, ta ce shi ne ƙashin bayan duniya, ta ce ɗan kasuwa ba komai ba ne face mai jiran gumin wani. Ta ɗaga gira inda aka koya mata, ta buga ƙafa inda aka koya mata. 'Yan Maradun suka dubi juna, sannan suka fara tafi.

"Opoz!" Malam Labaran ya raɗa mata, wato ta soka. "Opoz!"

Ta ɗauka cewa ya yi ta ɗaga murya. Ta ɗaga har tsuntsayen kan darbejiya suka tashi.

Ya miƙe rabi, yana kaɗa hannu biyu alamar ta tsaya. Mas'ud, da ya ga haka, ya zaci an ce ya shigo ya taimaka, sai ya taso ya tsaya gefenta suka ci gaba tare, murya ɗaya, kamar masu karatun allo. Malamin Maradun ya cire hula yana fifita, yana cewa, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan."

Malam Labaran ya rasa yadda zai yi. Ya ɗaga yatsa yana juya shi a iska da ƙarfi, yana nufin su juya maganar. Amatullah ta dubi yatsan, ta dubi Mas'ud. Yara masu biyayya, sai suka juya gaba ɗaya, suka ba alƙalai da jama'a baya, suka fuskanci bangon ajin da ke bayan dandamali, suka ci gaba da yabon noma ba tare da sun tsallake ko harafi ba.

A nan ne abin da ya daɗe yana dannewa ya ɓalle. Ya manta da alwashi, ya manta da Malam Zubairu, ya manta makirfon na kunne a hannunsa.

"Ke Amatullah! Kai Mas'udu! Wane irin shashanci na wanga? Magana nic ce ku juya, ba ƙeya ba! Ku da anka ce ku kashe noma kun tsaya kuna yi mai kirari kamar maroƙan sarkin noma! Bango zai ba ku maki? Ku juyo nan, 'yan bakin ciki, masu kunnen ƙashi, kun kashe ni da raina! Ni da nis sha hayaƙin barkono don ku! Nis sha nonon da ban nema ba! Nic ci ƙashi wurin Buba kamar kare!"

Lasifika ta kwashe maganar ta watsa har cikin kasuwa. Fili ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Sai can daga baya wata tsohuwar murya ta tashi.

"Allahu Akbar! Ya hita! Garaje ya hita!"

Baba Nagode ne, yana ratsa mutane da sanda sama, hawaye na bin gemunsa. Ya haye dandamali ya rungume surukinsa yana tofa masa addu'a a ka. Nan fili ya fashe. Ɗalibai suka zube ƙasa, manyan gari suka rufe baki da hannun babbar riga, Buba da Sadi suka riƙe juna don kada su faɗi, Raliya ta cusa fuska cikin mayafi kafaɗunta na rawa. Malam Zubairu ya miƙe a kan kujera yana cewa, "Jama'a, kun shaida? Alhaji, ka shaida?"

Amatullah ta juyo ta ce a hankali, "Malam, ai da tun farko haka ka faɗa mana."

Maradun suka doke Bakura ma, suka tafi da kofi, har malaminsu ya zo ya yi wa Malam Labaran godiya ta musamman kan gudummawar da ya bayar. Alhaji Dikko na tsaye gefensa, fuska a murtuke.

Ana watsewa sai ga shugaban alƙalai, dattijon nan mai gilashi, ya nufo su yana share hawayen dariya. Ashe shi a sashen Hausa yake koyarwa a kwalejinsu.

"Malam, na daɗe ban ji Zamfarci tsantsa irin wannan ba," in ji shi. "Ba gauraye, ba aro. Da za ka yarda ka zo ka maimaita wa ɗalibaina faɗan nan, da na gode."

Alhaji Dikko ya yi murmushi karo na farko a ranar. "Ai ya samu lokaci yanzu, Dakta. Dama malamin Hausarmu ya yi ritaya, ƙananan azuzuwa na zaune ba kowa. Malam Labaran, daga Litinin naka ne. Malama Lailatu, ki karɓi Turanci."

Duk hanyar komawa Mafara kan Malam Labaran na jingine da gilashin mota. Malaman har suka fara tausaya masa. Malam Zubairu ma ya ce a ransa ko wasan ya yi yawa.

Ranar Litinin da safe sai ga shi ya shigo ofishin malamai cikin babbar riga mai aiki, hula a karkace, yana taku ɗai-ɗai. Ya yi sallama, ya gaishe da kowa da sunansa, gaisuwa mai tsawo har shayin wasu ya huce. Sannan ya zauna ya baza hannun riga.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "Dakta guda, da gilashinsa, yana roƙona. Ni fa duk faɗin Zamfara ban ga wanda zai zauna da ni a Hausa ba. Yaran nan sun yi sa'a."

"To Turancin fa, Ƙamus?" in ji Malam Zubairu.

Malam Labaran ya dube shi da tausayi, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Wannan ai na gama da shi. Ɗan abin da ya rage ne na bar wa Malama Lailatu ta ƙarasa."